Nauyin Sabulu

A aji biyu na makarantar kiwon lafiyar al'umma, Tabarau ake kiranta, saboda gilashin da kullum yake zamowa kan hancinta. Aikin da ya faɗo mata a zangon nan mai sauƙi ne a baki: ta gano mutum nawa suke wanke hannu da sabulu idan sun fito daga banɗaki.

Kwana biyar ta yi a kan kujerar roba, daf da famfon da ke ƙofar banɗakin ɗalibai, da takarda da biro. Duk wanda ya fito ta ja layi ɗaya, in ya taɓa sabulu ta ja na biyu. Mutum ɗari biyu suka wuce, ɗari da casa'in da shida suka wanke.

Dakta, malamin da ke duba aikin, ya daɗe yana kallon takardar.

"Casa'in da takwas cikin ɗari? Malama, ko a ɗakin tiyata sai an yi da gaske. Faɗa mini, a gindin wace bishiya kika zauna kika cike wannan?"

"Wallahi Dakta, da idona na ƙirga."

"Haka kowa yake cewa. Litinin ta sama ki tsaya gaban aji ki nuna mana inda lambobin nan suka fito. In ba haka ba, sunanki zai je kwamitin ladabtarwa."

Ta fito daga wurinsa. Bara kwamitin nan ya kori mutum biyu a kan ƙirƙirar lambobi. Amma bayan tsoron, ita ma lambar ta tsaya mata a rai. Ta san 'yan ajinsu sarai, akwai wanda a wando yake goge hannu ya zauna cin abinci. Yaushe suka shiryu haka?

Ta koma kujerarta ta zura wa famfon ido kamar zai yi magana. Sai ga Inna mai shara da bokiti da tsintsiya.

"A'a, 'yar nan, kin dawo? To, Allah ya ji ƙan sabuluna."

"Me ya sami sabulun, Inna?"

"Ke kika same shi! Da sai ya yi mini sati biyu yana nan, har ya bushe ya tsage. Tunda kika kafa kujerar nan, kwana biyu ya koma kamar farce. Kowa ya fito ya gan ki da biro sai ya hau cuɗa har gwiwar hannu. Akwai wani dogo, sau biyu ya wanke yana satar kallonki."

Tabarau ta gyara gilashinta. Ashe ba wankin hannu ta ƙirga ba, kunyar idonta ta ƙirga. Sun karanta wannan a littafi, har ta ja masa layi da jan biro, amma bai taɓa zuwa mata cewa ita ce idon da ake nufi ba.

"Inna, ai sabulu ba ya kallon kowa, ko?"

"Ke, karatun ya fara taɓa ki ne?"

A ranar ta aro ƙaramin sikeli daga ɗakin gwaji. Kowace safiya ta auna sabon sabulu ta ba Inna, da yamma Inna ta dawo mata da shi, ta shanya shi a taga ya bushe kafin ta sake aunawa, don kada ruwa ya ƙara masa nauyi. Kwana biyu ta zauna a kujerar, kwana biyu ta ɓace a laburare.

"In haɗa miki da na famfon hawa na sama?" in ji Inna.

"Haɗa, Inna. Ba a ƙin ƙari."

Ranar Litinin ta jera sabulai uku a kan tebur. Ta fuskanci aji.

"Wannan na ranar da nake zaune ne, ya ragu da giram sittin. Wannan na ranar da ba na nan ne, giram tara."

Aji ya ɗauki ƙus-ƙus. Dogon nan ya sunkuyar da kai. Dakta ya taso, ya ɗora sabulan a sikeli ɗaya bayan ɗaya da kansa, ya duba littafinta, ya sake dubawa.

"To. Ba ki yi ƙarya ba, su suka yi miki. Maganar kwamiti ta wuce." Ya ɗauki na ukun ya juya shi. "Wannan fa? Ko rubutun jikinsa bai goge ba. Sabo ne?"

Yanzun nan aka wanke ta, tana iya cewa e ta koma mazauninta lafiya.

"Kwana huɗu ya yi a famfo, Dakta. Na hawa na sama ne."

A hawa na sama babu komai sai ofisoshin malamai.

Dakta ya ajiye sabulun a hankali, ya ɗan dubi tafin hannunsa.

"Ki sa shi a rahoton," ya ce. "Kuma gobe ki kawo mini sikelin nan. Akwai taron malamai."