Kilo Ɗari da Talatin da Ɗaya

…wai sai an duba ko ta cancanta. Cancanta! Kamar mai neman gurbin karatu a jami'a. Jemimah tana zaune a bayan keke napep, takardar asibiti a dunƙule a hannunta, Samaru tana wucewa ta gefen ido, masu gasa masara, ɗalibai da jakunkuna a baya, kalmar likitan kuwa tana ta dawo mata. Wa zai gaya mata wanda ya cancanta? Ita da ta kai shekara talatin da takwas tana ɗauke da jikin nan?

Kilo ɗari da talatin da ɗaya. Nas ta faɗa da ƙarfi, har wani tsoho a kan benci ya ɗago kai. To, sai me? Ya kalla. Kowa ma ya kalla. Ba sata ta yi ba, sikeli ta hau.

Dakta Oluwaseyi — haifaffen Sabon Gari ne, Hausa zalla a bakinsa — ya ɗauki biro yana haɗa tsayi da nauyi. "Malama, a lissafi kin wuce inda ake so. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga numfashin da ke ɗaukewa in kina barci. Irinku ake yi wa tiyatar rage tumbi." Irinku. To, madalla, rubuta takardar a tura ta Abuja mana! A'a. Sai ya ajiye biron. Wai lissafi ba shi ke nan ba. Wai sai ta yi wata shida tana zuwa wajen mai koyar da cin abinci. Sai ta nuna ta gwada wasu hanyoyin sun gagara…

Ta gwada? Ita za a tambaya ko ta gwada?

Shayin rage ƙiba na Nkechinyere ta kasuwar Sabon Gari, mai ɗaci kamar maɗaci, wanda ya sa ta bar 'yan aji huɗu a tsakiyar darasi sau uku a rana ɗaya tana gudu bayan gida. Azumin kwana ashirin da ɗaya. Tuwo rabin malmala, a ƙaramin faranti kamar na mage. Zagayen filin makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, zufa tana bin bayanta, malamai maza suna tafa mata daga baranda — tafi! Kilo tara suka tafi, sha huɗu suka dawo. A wane fayil za ta sa wannan ta kai masa?

Kuma wai ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Ita! Mahaukaciya ce? "Ba hauka ba ne, Malama, kowa sai ya gan shi. Muna so mu san kin gane abin da za ki shiga. Bayan aikin, cokali kaɗan ne cikin zai ɗauka. Ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙashi kuwa har ƙarshen rai." Ta gane. Ta fi shi ganewa. Shi a littafi ya karanta, ita kuwa a ƙafar uwarta ta karanta — Mama Lucia, da ciwon sugan nan dai, yatsa ɗaya da farko, ɗan ƙaramin miki da ya ƙi warkewa, sai tafin ƙafa, sai ƙasan gwiwa… warin ɗakin nan, da zanen da aka lulluɓe wurin da babu komai. "Jemimah, sosa mini ƙafar." Wace ƙafar, Mama? Yanzu ga nata yatsun, da safe sai ta mintsine su kafin ta ji suna nan.

Keke ya tsaya a Kwangila. Wata mata ta leƙo, ta dube ta sama da ƙasa, ta ja baya. "Ai ba wuri." Direba yana murmushin da yake zaton ba a gani a madubi.

"Tsaya, ɗan'uwa. A nan zan sauka," in ji Jemimah.

Ga wurin nan, matar can ta shiga ta miƙe ƙafa. Ba tafiyar minti talatin kullum likita ya ce ba? To ga ta. Daga nan har Chikaji, har ƙofar shagon waldar mijinta Sebastian, da ƙafa. A rubuta a fayil. Rana tana dukan tsakiyar kai, tirela tana huci a bayanta, cinyoyi suna gogar juna, gwiwar hagu ta fara magana tun ba a je ko'ina ba… ta yi ta magana. Ba za a tsaya ba.

Kowa da fatawarsa a kan jikin nan. A Zumuntar Mata ta coci: "'Yar'uwa, haka Ubangiji ya halicce ki, kar ki bari a yanka abin da Ya ɗinka." Su ne kuma dai, su ɗin, ranar rabon anko: "A ba Jemimah turmi biyu." Dariya har da riƙe ciki. Da aka yanke ƙafar Mama, wa ya ce kar a taɓa halittar Ubangiji? Ba wanda ya ce. Lemo suka kawo. Shugaban mawaƙa kuma wai in ta rame muryar za ta tafi. Ta tafi mana! Gawa tana waƙa ne?

Ga kuma surukarta a Basawa, hannu a haɓa: "'Yata, kitse ne ya toshe hanya. Rage shi ki gani." Shekara tara da aure. Shekara tara ana kallon cikinta, ciki ga shi nan tulu guda, ba kowa a ciki. Sau biyu baƙi suna yi mata barka a coci — "Allah ya sauke ki lafiya" — ta ce amin. Me za ta ce?

Ba don surukar take so ba. Ba don anko ba. Don kanta… don ƙafarta… don…

Numfashi. Ta dafa turken lantarki. Ƙirji yana bugawa har cikin kunne. Kaɗan ya rage.

Akwai sharaɗi ɗaya da ta ƙi tunawa tun Samaru. Na ƙarshe, wanda ya faɗa yana kallon tebur. "Kina neman haihuwa, ko? To ki sani, bayan aikin ba ɗaukar ciki. Shekara ɗaya da rabi, gara ma biyu. Jikin yana zubewa, ba zai ciyar da jariri ba. In ba ki yarda da wannan ba, ba zan rubuta ba. Ki je ki yi magana da maigida."

Wata shida na jira. Shekara biyu a kai. Arba'in da 'yan kai. Wa ke fara haihuwa a arba'in da…? Ana yi. Ana yi mana! Amma ita, wadda ta sha sassaƙe, ta sha man zaitun da aka yi wa addu'a, ita ce za ta je da ƙafarta ta karɓi allurar hana ɗaukar ciki? Da wane baki za ta gaya wa Sebastian? Mutumin da bai taɓa ce mata kin yi ƙiba ba, ko sau ɗaya. Wanda ya ƙera mata gadon ƙarfe da hannunsa, ya ce wai na katako ne ba ya so. Wanda in 'ya'yan maƙwabta suka shigo shago yake tsayar da aiki ya yi musu mota da waya…

Ga shagon can. Tartsatsin wuta yana tashi, shi kuma a duƙe, baƙin gilashi a fuska, bai gan ta ba. Taku hamsin, ko ƙasa da haka. Ƙafar ta ƙi. Ta zauna a bakin kwalbati, jaka a cinya, zufa tana ɗiga daga haɓa.

Za ta yi. Ko ya yarda ko bai yarda ba, ko Basawa ta taso gaba ɗaya — jikinta ne, ita ke kwana a cikinsa. Za ta tashi yanzu ta gaya masa. Za ta yi kuka, ya ga yadda abin ya yi mata ciwo…

Kukan ne bai zo ba. Tana nemansa, babu. Da likitan ya ce shekara biyu, me ta ji? Ba a nan ba, can a ofis, kafin ta haɗe rai. Wani abu ya saki a kafaɗunta. Shekara biyu ba ƙirgen kwanaki. Ba leƙen zane a ƙarshen wata da zuciya a baki. Wata ashirin da huɗu da ba wanda zai jira komai daga gare ta…

Daɗi ta ji. Ya Yesu. Daɗi.

Sebastian ya kashe injin, ya ɗaga gilashin, yana duban titi. Hannunta yana kan gwiwa, ta kasa ɗaga shi.