Takardar da ke Ƙarƙashin Fure

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, mutanen unguwar Alibandeng suka daina sayen sabbin kayan ɗaki, sai kasuwar Ƙulu, mai gyaran tsofaffi, ta buɗe. Teburin da dutsen guga ya ƙona, durowar da gara ta ci, duk ƙofarta ake saukewa. Takan cike ramin da garin katako da gam, ta shimfiɗa takarda mai kauri, ta yanko furanni daga tsofaffin kalanda ta lilliƙa, sannan ta bi da man ƙyalli har sau uku. Abin alfaharinta shi ne aikinta ba ya ɓamɓarewa, ko da daminar garin nan da ba ta san gajiya ba.

Ƙa'idarta ɗaya ce: takardar da ke da rubutun Larabci ba ta sa mata almakashi. Rubutun Nasara kuwa, tunda ba ta karanta shi, duk takarda ce.

Mijinta Maitama, mai kanti, ya nemi sabunta katinsa na zama a ƙasar, da yake su baƙi ne, aka ba shi takardar shaida ya riƙe kafin katin ya fito. Don tsananin tattali, bawan Allah ya rasa inda zai ɓoye ta sai cikin tsohuwar kalanda, bai kuma gaya wa kowa ba. A makon ne kuma Ƙulu ta rufe ƙunar da ke kan teburinsu na cin abinci.

Da aka fara kamen baƙi, da hantsi aka ɗauke shi a bakin kantinsa. 'Yarsu Khairat, wadda ta yi makarantar boko, ta je ta gano shi a inda ake tsare da su, ta dawo tana haki.

"Mama, Baba ya ce takardarsa tana cikin kalandar bara. In ba a kai ta ba, jibi za a sa su a jirgin ruwa."

Ƙulu ta dubi teburin. Ta tuna wata takarda mai kauri, mai jan hatimi, da ta ji daɗin yadda ta kwanta a kan ƙunar.

Wuni guda suka yi da reza da ruwan ɗumi, suna kankare fure bayan fure. Ƙulu tana kuka, tana roƙon Allah ya sa yau kaɗai ta yi ha'inci a aikinta. Ba ta yi ba. Hatimin ya fito, kwanan wata ya fito, sunan kuwa ya bi gam ya tafi.

Jami'in da suka kai wa ya jujjuya guntun, ya tambayi Khairat da Faransanci ko takardar wa ce, ya miƙo musu abinsu.

Mako biyu bayan jirgin ya tafi da Maitama, Khairat ta ɗauko almakashi da sabuwar kalanda, ta tsaya kan teburin da ƙunarsa ta sake bayyana, baƙa ƙirin.

"Mama, in yanko furen?"

"Bar shi haka," in ji Ƙulu. "A nan babanki yake ajiye kofinsa."