Maɓallin Mama a Firiza

Mahaifiyata Borghild ba ta yarda da kowa ba in dai kan firizarta ne, har da mu 'ya'yanta. Firizar ƙatuwa ce mai murfi, tana ɗakin ƙasa tana gurnani tun ina yarinya. Kowace robar abinci sai Mama ta rubuta abin da ke ciki da ranar da ta sa. A kusurwar firizar kuma akwai kofin ruwa da ya daskare, da jan maɓallin riga a kan ƙanƙarar. In an ɗauke wuta ba ma nan, ƙanƙarar ta narke, maɓallin zai nutse. Ko da komai ya sake daskarewa, a gindin kofi za a same shi, kuma abincin ya tashi daga aiki ke nan.

Shekara guda da rasuwarta, Baba Oddvar bai daina cin girkinta ba. Duk Lahadi roba ɗaya. Da muka tafi gidanmu na katako a kan dutse, saura guda: miyar kifi.

Mako uku muka yi. Ranar Lahadi da rana muka dawo, na sauka ɗakin ƙasa, yana biye da ni da tukunya a hannu. Na ɗaga murfin. Komai tauri kamar dutse, amma maɓallin yana can ƙasan kofi.

"Baba, an ɗauke wuta. Ta narke ta sake daskarewa."

"To sai me? Ai ga ta nan garau."

"Kifi ne fa! Kuma ba mu san kwana nawa ta yi a narke ba. Da wannan cikin naka da ko madara ba ya ɗauka?"

"Ke Sunniva, yaushe kika zama likita? Uwarki ce ta dafa. Miƙo min ita."

Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni. Na san in ya ci, sai asibiti, tsoho ne mai shekara tamanin da ɗaya. Na kuma san in na zubar, ba zai yafe mini ba.

Na ɗauko robar. Ni na jera ta da hannuna kafin mu tafi, na san abin da ke jikinta sarai: "Miyar kifi", sai kwanan wata. Yanzu akwai layi na biyu a ƙasa, da irin karkataccen rubutunta: "Oddvar, maɓalli ya nutse. Zubar. Kar ka yi min taurin kai."

Gidan a kulle yake mako uku, makulli yana aljihuna. Na shafa rubutun da babban yatsa. Tawadar ta biyo yatsana, ba ta bushe ba.

Firizar ta yi shiru, karo na farko da na taɓa jin haka.

Baba ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Ya ajiye tukunyar a ƙasa.

"Har yanzu sai kin sa min ido, tsohuwa?" ya ce a hankali. Ba da ni yake ba.

Shi da kansa ya hau da robar ya juye miyar a shara. Ya wanke ta a tsanake, yana kare rubutun da tafin hannunsa kar ruwa ya taɓa. Ranar burodi da cuku ya ci, robar tana gabansa a kan tebur, a daidai kujerarta.