Fuskar Inna a Fensir

Shekara talatin da biyar ya yi a ofishin safiyo yana zana taswirar filaye da tituna, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin ya ja layi ba tare da rula ba. Ko a ƙasan sunansa zai ja layi a takardar neman hutu, sai ya laluba aljihu. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Mai Rula. Sunan ya bi shi har gida, shi kuma bai taɓa jin haushinsa ba, don a ganinsa yabo ne.

Da ya yi ritaya, watan farko gidan ne ya ji a jikinsa. Ya gyara ƙofar bayan gida, ya gyara wadda ba ta lalace ba, sannan ya auna labulen falo ya gano cewa gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da rabin inci.

"Malam, don Allah ka nemi abin yi," in ji matarsa. "Labulen nan shekara goma yana rataye, bai taɓa yi wa kowa laifi ba."

Abin yin da kansa ya zo. Babbar 'yarsa ce ta tattaro tsofaffin hotunan dangi za ta sa a firam, ta baje su a kan tabarma. Ga na mahaifinsa, ɗan ƙarami, wanda aka ciro daga katin aiki. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, ina na Kaka?"

Babu. Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, kuma ta rasu yana ɗan shekara biyar. Ya rufe ido don ya kwatanta wa 'yar kamanninta, sai ya tarar ba abin da zai kwatanta. Yana tuna tabon ƙuna a wuyan hannunta. Yana tuna bayanta tana fita ƙofa da bokiti. Fuskar ce babu. Abin ya tsaya masa a rai, har da kunya: mutumin da ya zana filayen rabin gari, ga shi bai san fuskar uwarsa ba.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san fuskar nan, wato Yaya, wadda ta girme shi da shekara goma, ita ce kuma ta raine shi bayan rasuwar Inna. Sai dai idanun Yaya sun fara tafiya. Hawan jinin ido ne, kuma ɗanta ya gaya masa a asirce cewa likita ya ce magani rage gudun abin kawai yake yi, abin da ya tafi ba ya dawowa. Nan take Mai Rula ya yanke shawara: zai koyi zanen fuska, ya zana Inna, Yaya ta duba ta ce ita ce, tun tana iya dubawa.

Ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya ya kafa tsohon teburin zanensa. Ya fara koyo da fuskokin da ke cikin jarida, yana ja musu layuka a tsaye da a kwance, yana auna hanci da kunne yana rubutawa. Fuskokin farko, gaskiya, sun fi kama da filin da aka raba wa magada. Amma mutumin yana da naci. Kafin wata biyu sun fara zama mutane, kuma matarsa ta lura ya koma fito da safe kamar lokacin da yake zuwa aiki.

Kowace Talata sai ya ɗauki allon zanensa ya hau bas biyu zuwa gidan ɗan Yaya. Ɗakinta yana kallon tsakar gida, nan bakin ƙofa take zama a kan kujerar roba, kwalbar maganin ɗigawa a gefenta. Shi kuma ya zauna a kan benci, ya buɗe littafi, ya fara tambaya kamar ɗan sanda.

"Tsakanin idanunta zai kai nawa?"

"Auta, uwar tawa zan auna da tef?"

"To goshin fa?"

"Mai faɗi. Kuma in za ta yi dariya, gefe ɗaya na bakinta ne ke fara tashi, ɗayan ya biyo baya. Tana da wushirya, 'yar ƙarama. Kunnuwanta ƙanana."

Duk ya rubuta. Bai taɓa jin Yaya ta yi hirar Inna haka ba. Wani lokaci sai ta bar fuskar ta shiga labarin yadda Inna ke waƙa in tana wanki, ko yadda take ɓoye masa takalmi don kada ya fita titi. Shi sai ya jira ta gama, ya komo da ita kan hanci.

To, a ofishinsu akwai ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta shige masa jini. Taswira da fensir mai tauri ake fara ta, layi siriri kamar gashi, wanda in an goge ba ya barin tabo. Ba a kusantar ta da tawada sai shugaban sashe ya duba ya sa hannu, domin tawada in ta hau takarda ta hau ke nan. Yana sabon ma'aikaci ya taɓa yin gaggawar sa tawada, aka yaga aikin mako uku a gaban kowa. Tun daga ranar bai sake ba. Yanzu Yaya ce shugaban sashe, don haka da fensirin nan mai tauri ya yi ta zana Inna.

A mako na uku Yaya ta kai takardar dab da hancinta, ta karkata ta wajen haske, ta ce, "Ba ka da abin da ya fi wannan baƙi?"

Ya gyara zama ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya gaya mata illar tawada, ya ba ta labarin aikin mako uku, ya ce sai ranar da ta ce ita ce sak zai sa baƙi, ba kafin nan ba.

"To, Oga," in ji ta. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Haka aka ci wata bakwai. Zane goma sha ɗaya ya yi, kowanne da lambarsa da kwanan wata a ɗan akwati a kusurwa, da jerin gyaran da Yaya ta bayar. Kullum akwai gyara. Yau hanci ya yi tsawo, mako mai zuwa haɓa ta yi kaifi. In ya tambaye ta idon, ta ce da sauƙi. Yana sane lokaci na ƙurewa, amma shi a wurinsa maganin ƙurewar lokaci shi ne ƙara taka-tsantsan, sai ya ƙara feƙe fensir.

Wata Talata ya kawo na goma sha biyu. Kamar yadda ya saba, ya rufe zanen da farar takarda ya maƙale da fil, don kada hannu ya shafe fensirin a cikin bas. Ya miƙa mata allon ya ce bari ya wanke hannu tukuna, don ya riƙe ƙarfen bas. Da ya dawo daga bakin famfo yana yarfe ruwa, sai ya tarar ta riga ta ɗaga allon gaban fuskarta, ta haɗe gira, tana dubawa a tsanake. Farar takardar tana nan a maƙale.

"Wannan karon ka kusa," in ji ta. "Bakin ya fito. Sai dai goshin, ka ɗan rage shi."

Ya tsaya cak, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Ya zauna a kan bencin a hankali.

"Yaya, ban buɗe ba."

Ta shafa gefen allon, yatsanta ya ci karo da fil ɗin. Ta sauke allon a cinyarta.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Fensirin naka? Ban taɓa ganinsa sosai ba. Da farko ina ganin ɗan inuwa-inuwa. Daga baya sai farar takarda kawai."

"Gyaran da kike ba ni fa?"

"Ita nake kallo a raina, in faɗa maka abin da na ga dama."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa, ka yi mini lacca." Ta ɗan yi murmushi, amma bai daɗe ba. "Kuma ni ce babba, Auta. Ni na wanke maka hanci. Ya zan buɗe baki in ce maka na zama makauniya? Ga shi na ga ka samu abin da ke tashe ka da safe. Ga shi kana zuwa duk Talata, kai da a da sai ka yi wata uku ban ji muryarka ba. Na ce bari in bar ka."

Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa. Ya tambaye ta ko a waccan Talatar ta uku tana iya ganin baƙin layi. Ta ce a lokacin har manyan lambobin kalandar bango tana karantawa. Ya juya ya kalli kalandar, ga lambobin nan baƙaƙe, kowanne kaurin yatsa. Bai tambaye ta ko yanzu tana ganinsu ba, don tsoron amsar.

A hanyar komawa ya sauka a shagon kayan rubutu ya sayi fararen kwalaye mafiya girma da ke akwai, da maka baƙa mai kauri irin ta masu rubuta farashi a shago. Bai jira Talata ba. Kwana uku ya yi a ɗakin ajiya, ba layukan awo, ba fensir, ba magogi. Rular tana kan tebur, sau da yawa hannunsa ya kai kanta da kansa, ya janye. Hannun bai taɓa tafiya shi kaɗai a kan takarda ba. Ya ɓata kwali huɗu. Bai ko buɗe littafin gyare-gyaren ba, tunda ya san yanzu gyaran iska ne. Ya bar hannun ya zana abin da ya sani. A kwali na biyar fuska ta fito, kuma karon farko a rayuwarsa ya kalli abin da ya zana ya kasa ɗauke ido. Fuskar mace ce ta gaske, wadda ya ji ya sani tun yana yaro.

Ranar Asabar da hantsi ya isa. Ya kama hannun Yaya ya fito da ita tsakiyar gida inda rana ta fi haske, ya zaunar da ita, ya durƙusa a gabanta riƙe da kwalin.

"Duba. Wannan baƙi ne, kauri ne. Duba a hankali."

Ta duba. Ta matso har numfashinta na taɓa kwalin. Ta ce ya ja baya, ya ja. Ta ce ya matsa dama, don ta gefen nan ne ɗan hasken ya rage. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta sake ta rufe ɗayan. Ta aika shi ya ɗauko maganin ya ɗiga mata, suka jira, ta sake gwadawa, hawaye na bin kumatunta saboda rana. Hannuwansa suka gaji da riƙo amma bai sauke ba.

"Auta, ba na gani," ta ce. "Fari nake gani, da wani abu kamar hayaƙi."

Ya ce ko akwai wani da ya rage wanda ya san Inna. Suka fara lissafi tare. Gwaggo ta rasu tuni. Maƙwabciyar nan mai ɗinki ta rasu bara. Kawunsu yana raye, amma ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Suka zo ƙarshen lissafin da wuri.

Ana haka surukar Yaya, matar ɗanta, ta fito daga kicin da kwanon wanke-wanke. Ta hango kwalin ta tsaya, ta ajiye kwanon, ta matso tana goge hannu a zani.

"Kawu, kai ka zana wannan? Wallahi ka iya. Ai ka fitar da Mama sak. Har yadda take haɗe gira in tana kallon abu. Sai dai ka mayar da ita yarinya."

Ya juyo da kwalin ya kalla, ya kalli Yaya, ya sake kallon kwalin. Gaskiya yarinyar ta faɗa. Fuskar da ya yi wata bakwai yana zaune a gabanta ce, fuskar da ke sunkuyowa kansa yana ɗan shekara shida in zazzaɓi ya kama shi. Amma wani ɗan fata ya taso masa, ya kama shi da hannu biyu.

"Yaya," ya ce, "ai 'ya takan yi kama da uwarta. Ko ba haka ba? In ke ce, ai an kusa."

Ya ga tana juya abin a ranta, ya ga ta buɗe baki za ta ba shi irin amsar da ta saba ba shi, sannan ta fasa. Ta laluba ta dafa kafaɗarsa.

"Ba zan ƙara yi maka ƙarya ba. Ni ban ɗauko ta ba, Auta, ko kaɗan. Baba na biyo. Kowa ya sha faɗa."

Surukar ta ɗauki kwanonta ta koma kicin. Shi yana nan durƙushe da kwalin a hannu. Can Yaya ta ce rana ta yi mata zafi, ya jingine kwalin a bango, ya kama hannunta ya mayar da ita ɗaki.