Kunnena a Hoton Dambar

"Mayar da shi baya," na ce wa Rojina. "Ni ina nake?"

Ta ja yatsa a kan kwamfutarta. "Ga ka nan, Kaka."

Ƙeyata ce da kunne ɗaya. Kafin in ƙifta ido na fara narkewa kamar man shanu a kasko, sai fuskar Dambar ta fito daga cikina tana washe haƙoran nan uku da suka rage masa.

Rojina jikata ce, tana koyon haɗa fim a wata kwaleji a Kathmandu. An ce kowane ɗalibi ya yi bidiyon waƙa, ita ta zaɓi waƙar damina. Ni da na tsufa ina kaɗa ganga a bukukuwan garinmu Patan, ƙeya aka ba ni. Dambar kuwa, maƙwabcinmu da muke tsakar gida ɗaya, gyaran laima ne sana'arsa, kuma in ya buɗe baki zai yi waƙa har tattabarun rufin gida tashi suke. Shi ta sa a gaba. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba.

Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sai Rojina ta kwashe aikin ta koma ɗakinsa. Har shayin da surukata Kamala, matar ɗana, ke dafa mini, rabi can yake tafiya. Ran nan na kasa haƙuri na bi ta.

"Tek, ka zo gaida tauraro?" in ji Dambar daga kan gado.

"Tauraron laima. Na zo ganin abin da ake ɓoye mini ne."

Rojina ta kunna. Ga Dambar a bakin titi ya buɗe baƙar laima, tsuntsaye suka yi ta fitowa daga cikinta. Ruwan sama ya juya yana komawa sama. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"'Yar nan, tunda injinki ba abin da ya gagare shi, rataya mini sarƙar furanni a wuya mana."

"Kul, Baba Dambar! Hoton mamaci ake yi wa haka."

"To, ai kin rage wa kanki aiki."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa abin da ya kawo ni na sa a gaba. Na ce ko dai a nuna fuskata kamar ta kowa, ko a cire ni gaba ɗaya. Rojina ta ce in ta cire ni sai ta warware gaɓar ta sake ɗinkawa, alhali Baba Dambar yana son ganin ƙarshen aikin. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa.

"Bar mata kayanta, Tek," ya ce. "Ni na ce ta fito da ni daga bayanka. Duk bikin da aka yi da ruwa, wa ke tsaye a bayanka da laima kada fatar gangarka ta jiƙe?"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta ƙara ɓata mini rai. Na fita, amma ban sake maganar cirewa ba.

Dambar ya ga bidiyon a kammale wata ranar Talata da rana. Daga ɗakina ina jin waƙar tana ƙarewa ana sake kunnawa. Washegari da hantsi, ina shanya gangata, kukan matarsa ya cika tsakar gida. Muka kai gawarsa bakin kogin Bagmati, inda ake ƙona mamata, cikin yayyafi. Ɗansa Bikash ya sa wutar, wani ya riƙe masa laima mai karyayyen ƙarfe, na ce a raina da Dambar yana nan da ya gyara ta.

Da aka dawo aka nemi hoton da za a kafa a ɗaki, aka rasa na kirki. Rojina ta bi bidiyon kaɗan-kaɗan. Ko'ina Dambar ya runtse ido saboda ruwa, sai wuri ɗaya, daidai inda nake narkewa. Can idonsa a buɗe yake yana dariya, don a lokacin ina yi masa masifa ya tare mini haske. Aka wanke hoton aka kawo. A gefen kuncinsa ga kunnena nan, dishi-dishi.

Kamala ta dafe ƙirji. "Baba, ba za a rataya furanni a kan mai rai ba! Rojina, goge shi yanzu."

"Ba wuya, Kaka," in ji Rojina, idonta ya kumbura. "In goge?"

Na dubi hoton. Ko a mutuwa shi ne a gaba, ni a baya. Haushin bai tafi ba, sai dai yanzu ba ni da wanda zan yi wa.

"Da can da na ce ki cire ni kin ƙi. Bar shi."

Bikash, kansa a aske saboda makoki, ya hau kujera ya rataya sarƙar. Ta yi wa hoton yawa, ta karkace gefe guda. Na miƙa hannu na daidaita ta, fure ɗaya ya kwanta a kan kunnen.