Jar Motar da Mahmuda Ya Fitar

Ina da wani hali marar kyau in zan ba da labari: nakan goyi bayan wanda ya tafka wauta, wataƙila don kamanninsa ba su cika nisa da nawa ba. To a yi haƙuri in an ji ina kare Mahmuda.

Mahmuda ɗan kamasho ne a tashar motar Kaura Namoda. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana daka wa direbobi tsawa, bai taɓa riƙe sitiyari ba. In an tsokane shi sai ya ce tuƙi aikin hannu ne, nasa kuwa na kai ne. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ƙanin matarsa ya dawo daga Hajji ya raba tsaraba, wani tasbaha, wani dabino. Akwai wani ɗan akwatin roba mai gilashi da maɓallai, bai fi tafin hannu ba, da aka sayo wa yara. Kwana biyu suka gaji da shi, ya faɗo hannun Mahmuda.

Wasan ciki ba shi da yawa. 'Yan motoci ne cunkushe a fili mai katanga da ƙofa ɗaya. Kowacce gaba take yi ko baya, ba ta kwana. A tsakiya akwai wata ja, ita ake son fitarwa, sai ka yi ta matsar da sauran har hanya ta buɗe mata. In ta fita, a ba ka wani matakin da ya fi wuya.

"Wanga ai tasharmu ce anka zuba ciki," in ji Mahmuda, ranar farko. Daga nan bai sake ɗaga kai sosai ba.

Malam Muhtari, babban 'yan agajin da ke kula da tashar, shi ya fara zuwa bincike.

"Malam Mahmuda, abin nan ba caca ba ce?"

"Wa za ni ci, Malam? Ni kaɗai nike, kuma ni aka ci kullum."

"Da kiɗa?"

"Akwai. Na kashe shi."

"Hoton mai rai fa?"

"Duba da kanka. Ko direba babu ciki."

Malam Muhtari ya karɓa ya duba, ya ci gaba da dubawa har aka kira Azahar. Ya maƙale a mataki na uku, ya miƙo abin yana cewa bai ga haramci ba, amma ɓata lokaci ne.

Indo, matar Mahmuda, ba ta bukaci bincike ba kafin ta yanke nata hukuncin. Tuwo yakan huce a gabansa, ta yi magana uku ya amsa rabin ɗaya. Ta haƙura wata bakwai, har 'yarsu Saudat ta haihu a Zurmi, suna ya faɗo ranar Alhamis. Alhamis kuwa kasuwar Shinkafi ke ci, ranar da ɗan kamasho ba ya barin tasha ko da jika aka haifa masa. Indo ta dawo gida daga Zurmi ran Laraba ɗaukar yaji da zannuwa da turaren da ta tara, da nufin ta koma washegari kafin mata su taru bayan Azahar.

Da safe a bakin tasha ta dube shi, ta dubi aljihun da akwatin yake.

"Malam, ka ce abin nan ya ƙara maka basirar aiki."

"Sosai."

"To madalla. In anka watse taron suna ban isa ba, rijiya za shi kwana."

"Indo, kin san wa kike aure kuwa?"

"Shi ya sa na hwaɗi."

Ya kai ta wurin fijon Lado, wata tsohuwa ja da ke bin hanyar Zurmi, ya zaunar da ita a gaba, ya sa aka ɗaure kayanta. Saura a cika mota. Ya koma gindin dogon yaro ya zauna, don mataki na arba'in kwanansa tara yana wahalar da shi, kuma jikinsa na ba shi yau ne.

Sanda ya ɗaga kai, hantsi ya yi nisa, tasha kuma ta rikice. Wata babbar motar gero ta shigo da baya ta gilma a bakin ƙofa. Bas-bas na Shinkafi huɗu sun sa kai a bayanta, kowa na son riga wani. Akori-kura biyu ɗauke da tumaki sun shiga tsakani. Bas ɗin nan mai koren zane, wadda aka ware wa mata tun da aka hana cakuɗa maza da mata a mota, tana tsaye a karkace. Can tsakiya kuwa ga fijon Lado, ta cika dam da fatake har da buhuna a kan gilashi, ba gaba ba baya. Hon ake ta yi, ana ambaton iyayen juna a hankali saboda 'yan agaji na kusa.

Mahmuda ya hau kan wani duro ya leƙa. Ya dubi tashar, ya dubi gilashin hannunsa, ya sake duban tashar. Ƙofa ɗaya, doguwa a gilme, ja a tsakiya. Daga sama ya hango abin da kwana tara bai gani ba: ba doguwar ake fara taɓawa ba, sai an samo mata wurin shiga.

"Kowa ya kashe hon," ya ce, bai ma ɗaga murya sosai ba. "Tsoho, kai mai tumaki, baya taku uku. Uku na ce, ba har Gusau ba."

Tsoho ya leƙo ta taga. "Kai da ba ka san giyar baya ba?"

"Na san inda taka kai mutum. Ja."

Ya ja. Ta biyu ta bi shi. Bas biyu na Shinkafi suka matsa gaba kaɗan, wani ɗan fili ya buɗe a jikin katangar gabas.

Lado ya ƙwala daga fijonsa. "Mahmuda, ji mana, Indo dai..."

"Na sani, na sani. Riƙe sitiyarinka."

Ya nuna bas mai koren zane. "Waccan, a cusa ta ƙurya. Har ciki, ta taɓa katanga." Direbanta ya fara gunaguni, Mahmuda ya ce masa kowa zai fita, amma bi da bi. Aka cusa ta. Sannan ya sa motar gero ta ja baya sannu a hankali, ta rufe bakin ƙuryar ruf kamar don nan aka auna ta. Direban motar geron ya ce shi ai ya gode, nan ma ya fi masa kusa da shagon da zai sauke. Ya kashe mota, ya buɗe baya, 'yan dako suka fara sauke buhu ɗari uku ɗaya bayan ɗaya.

"Mahmuda, wallahi ka saurare ni," in ji Lado.

"Lado, shekara nawa nike fidda ka daga tashar ga? Ga hanya nan. Kada ka tsaya ko'ina sai Zurmi."

Lado ya dubi hanyar da ta buɗe, ya dubi fatakensa da suka fara zage-zage, ya ɗaga kafaɗa ya taka. Jar mota ta fita ta ƙofa sumul, ko madubi bai gogi wani ba.

Aka yi tafi. Tsoho ya sauko ya ba shi hannu, ya ce daga yau ya daina yi masa gorin giya. Malam Muhtari ya matso, ya ce ashe dai ilimi ba ya raina mazubi, ya kuma tambaya a hankali yadda ake wuce mataki na uku. Mahmuda ya ce ya zo bayan La'asar. Yana tsaye a kan duron ya ciro akwatin, ya maimaita abin da ya yi yanzu, motsi goma sha ɗaya, jar motar ciki ma ta fice. Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. A ransa yana shirya abin da zai gaya wa Indo in ta dawo, ba da fahariya ba, a hankali, bayan ta zuba masa tuwo.

Indo ba ta cikin fijon. Tun da maza suka cika ta, Lado ya mayar da ita da kayanta bas ɗin mata, kujerar bakin taga, inda ta kalli komai daga farko har ƙarshe. An gama sauke geron ana kiran La'asar.

Rijiyar gidan Mahmuda zurfinta gaba goma sha biyu ne.