Sabuwar Salansar Datti

"Wannan ba ta yi ba," in ji Datti. "Ɗauko waccan."

Nuhu mai walda ya ture baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya dubi salansa uku da ya jera a ƙasa, sannan ya dubi babur ɗin. Tsohon babur ne ja, irin wanda ba shi da kuloci, ka taka giya ka murɗa totur ya tafi da kansa. Matasan Hayin Banki suna yi masa tsiya da babur ɗin mata. Shekara goma sha ɗaya Datti yana ɗaure akwatin nama a bayansa, bai taɓa tanka musu ba.

"Waccan ta babban mashin ce, Malam Datti. Kuma an fasa cikinta an kwashe ragar. Bututu ne kawai."

"Ita nake so."

"Ka dai ji ta tsakiyar tukuna."

"Na ji ta. Tari take yi, ba ƙara ba."

Nuhu ya yi dariya, Datti bai taya shi ba. Idonsa na kan akwatin. Ƙarfe tara ta wuce, ranar bazara ta fara cizo, naman kuwa tun da asuba aka yanka. Ya jiƙa buhu ya rufa a kai, amma ya san iyakar abin da buhu zai yi. In azahar ta same shi da kaya, to sai karnuka.

Abin ya faro ne ranar Litinin. Tsohuwar salansarsa, wadda ta daɗe da hujewa tana ƙara kamar ana jan gwangwani a kan kwalta, ta ɓalle ta faɗi a hanya. Ya zo nan wurin Nuhu aka sa masa sabuwa fil 'yar kanti. Babur ya koma shiru kamar keken ɗinki. Har ya ji daɗi. Ya tafi Badarawa, ya shiga dogon layin nan da yake cinye kashi biyu cikin uku na akwatinsa kullum, ya tsaya gindin dalbejiya inda ya saba tsayawa. Babu kwano ko ɗaya da ya fito. Ya danna hon har yatsansa ya gaji. Talata haka. Laraba haka.

Gidajen layin na ma'aikata ne. Maza sun tafi ofis tun safe, mata suna can ciki ba sa fita, kuma namiji mai mutunci ba ya zuwa ƙofar gidan da maigida ba ya nan ya tsaya yana ƙwala kira. Datti bai taɓa yi ba. Shi ba ɗan talla ba ne. Da, tsayawa kawai yake yi, kafin ya kwance igiya tsofaffi sun fara fitowa, kowace riƙe da kwanukan gida uku ko huɗu. Da ya zauna ya yi tunani, abu ɗaya ya ga ya canja. Matan ba sa jin zuwansa.

Jiya da ya mayar da nama kwata karo na uku, Ja'afaru, wanda yake yanka yana raba wa masu yawo, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Datti, akwai mutum biyu da suke jiran gurbi. Gobe in ka dawo mini da kaya, jibi kada ka wahalar da kanka da sammako."

"Ina tsohuwar tawa?" Datti ya tambayi Nuhu, ko da yake ya riga ya tambaya ɗazu.

"Na gaya maka masu sayen ƙarafa sun tafi da ita. Kai da ka ce babur ya zama ango."

"To ɗaura wannan."

Nuhu ya tsuguna. Bakin bututun ya fi na injin faɗi, sai da ya yanko guntun ƙarfe ya naɗa ya bi shi da wuta. Datti ya juya baya saboda hasken, yana kore ƙuda daga buhun da hularsa. Kowane minti ji yake kamar daga jikinsa ake yankarsa.

Da aka buga kik, awakin da ke kwance ƙarƙashin wata matacciyar mota suka watse. Mai shayi da ke tsallaken hanya ya miƙe tsaye da ludayi a hannu. Sai injin ya mutu.

"Ka gani," in ji Nuhu. "Ƙaramin inji ne, ta yi masa yawa. Sai na ɗaga masa silo, in ba haka ba duk tsayawar da ka yi zai mutu." Ya sa sukundireba ya murɗa, aka sake bugawa, wannan karon ya zauna, yana gurnani yana girgiza akwatin. Nuhu ya kawo bakinsa kusa da kunnen Datti. "Abu biyu. Ba ka da kuloci, in giya na ciki zai riƙa janka ko ba ka murɗa ba. Na biyu, kada ka kashe shi da zafi. Fitar da giya, ka bar shi ya huce. In ka murɗe makulli haka nan, harbi zai yi."

"Harbi kamar yaya?"

"Kamar harbi. Kuma ka san garin nan tun rikicin bara, ko tayar mota ta fashe sai an rufe shaguna."

Datti ya riga ya hau.

A hanya bai ji komai ba sai kansa. Bas ɗin da ta saba matse shi gefen kwalta yau ita ta kauce. Wani ɗan sanda ya juyo ya bi shi da kallo har ya wuce. Cinyarsa ta dama ta fara ɗaukar zafi ta cikin wando. Duk da haka wani abu ya saki a ƙirjinsa. Wannan ko kurma ce a ƙuryar ɗaki sai ta ji. Da ya kusa kwanar layin sai ya ƙara murɗawa, don a san tun daga nesa cewa ya iso.

Ya sha kwana.

Layin cike yake da maza. Sahu uku, daga katanga zuwa katanga, daidai gindin dalbejiyarsa, duk sun ba shi gefe. A gabansu makara a ƙasa an lulluɓe da farin ƙyalle. Liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara.

Ya saki totur ya taka birki. Babur ya ƙi tsayawa sosai, yana ja yana kuka, tayar gaba tana nufar ƙarshen sahun baya. Ya sa ƙafafu biyu a ƙasa yana turjewa, takalminsa yana jan ƙasa. Ya nemi giya da diddige, ƙafarsa ta zame. Kawuna sun fara juyowa. Bai yi shawara da kansa ba, hannunsa ne ya kai ga makulli ya murɗe.

Ƙarar ta daki katangu ta dawo. Sahun baya ya tarwatse. Wani dattijo ya faɗi a kan gwiwoyinsa, wasu biyu suka afka zauren da ke kusa, daga cikin gidaje mata suka sa salati. Hayaƙi shuɗi ya taso ya bi ta kan makarar a hankali.

Sai shiru. Datti yana zaune a kan sirdi, hannunsa har yanzu a kan makulli.

Wani mutum mai tabarau, wanda shekarunsa ba za su wuce arba'in da biyar ba, ya fito daga sahun gaba. Bai yi sauri ba. Ya zo ya damƙi wuyan rigar Datti, ya ɗaga shi daga kan babur ɗin. Idanunsa jawur.

"Kai wane ne?"

"Ranka ya daɗe, ban sani ba. Wallahi ban san an yi rashi ba."

"Na ce kai wane ne."

"Alhassan, sake shi," in ji wani daga baya. "Mai naman nan ne."

"Mai nama ba haka babur ɗinsa yake ba."

"Shi ne. Dubi akwatin."

Alhassan ya dubi akwatin, ya dubi bututun da har yanzu yake fitar da tururi. Bai saki wuyan rigar Datti ba. Mutane sun kewaye su, wasu samari suna matsowa da kafaɗa. Datti bai ɗaga hannu ba. Ya taɓa ganin yadda irin wannan take ƙarewa, kuma wuƙaƙensa biyu suna cikin akwati, abin da ba ya so kowa ya tuna ke nan.

"Uwata ce a kwance can," in ji Alhassan.

"Allah ya jiƙanta. Allah ya sa ta huta. Ka yafe mini."

Liman ya yi gyaran murya. "Jama'a, gawa tana jira. A daidaita sahu."

Alhassan ya sake shi. "In na ƙara jin wannan abin a layin nan, ni da kai ne. Ka ji ko?"

"Na ji."

Datti ya jingine babur da katanga. Yana da alwala tun ta walaha a kwata. Ya duba rigarsa, ya naɗe gefen da jini ya ɗiga, ya shiga ƙarshen sahun baya kusa da dattijon da ya faɗi. Dattijon ya matsa masa ba tare da ya dube shi ba. Aka yi kabbara huɗu aka sallame.

Maƙabarta da nisa. Aka sa makarar a bayan wata a-kori-kura, masu motoci suka cika motocinsu, masu babura suka goyi juna. Datti ya tsaya da makulli a hannu. Ba shi da hanyar bin su sai ya tayar da abin nan. Ya mayar da makullin aljihu. Cikin minti biyar layin ya zama babu namiji sai shi da tabarmi.

Ya ɗaga buhun ya sa hanci. Naman bai juya ba tukuna, amma ya kusa.

"Datti."

Baba Dije ce, ɗaya daga cikin tsofaffin da suke fito masa da kwanuka, tsaye a bakin zauren gidan rasuwar da carbi a hannu.

"Baba, ina kwana. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Kai kuma wane aljani ne ya shiga babur ɗinka? Na ɗauka sojoji ne."

"Kwana uku ina zuwa, Baba. Nan nake tsayawa. Babu wadda ta fito. Na ga tun da na canja salansa ba kwa jina, shi ne na je aka sa mai ƙara."

Tsohuwar ta daina jan carbi. Ta dube shi kamar yadda ake duban wanda ya yi ɓatan kai a unguwarsu.

"Wa ya ce maka da muna jinka?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Daga tsakar gida, ana daka ana wanki, yara na kuka, wa zai ji babur? Babura nawa ke wucewa nan?" Ta nuna wata 'yar taga mai ragar ƙarfe a jikin katangar gidan, taku biyar daga dalbejiyar. "Ɗakin Iya Hansai ke nan. Shekara goma sha uku ba ta taka ƙasa ba, ƙafafun sun mutu. Kunne kuwa Allah ya bar mata. In ka tsaya sai ta ɗauki ludayi ta buga faranti sau uku. Maƙwabta su ji su buga nasu, haka har ƙarshen layi. Ba ka taɓa jin ana buga faranti ba?"

Ya taɓa ji. Kullum yana ji. Ya ɗauka wanke-wanke ake yi.

"Ran Litinin da asuba aka kai ta asibiti, gawarta aka dawo da ita," in ji Baba Dije. "Mu mun ɗauka kai ne ka daina zuwa. Har ana cewa ko ka samu layin da ya fi namu."

Datti ya dubi tagar. An saki labule a ciki. Sau dubu nawa ya jingina babur a ƙarƙashinta yana yanka tsoka, bai taɓa ɗaga kai ba.

"Takan ce kana da tari da safe," in ji tsohuwar. "Ta ce a gaya maka ka riƙa shan citta. Ni ce na riƙa mantawa."

Ya share fuskarsa da hula. 

"Wannan sabuwar fa, kun ji ta?"

"Har masu ciki sun ji."

"Ɗanta ya ce kada in ƙara shigowa da ita."

"Ya yi daidai."

"To yaya za a yi, Baba? In na koma da naman nan yau, shi ke nan an ba wani gurbina."

"Yau kowane gida za a ɗora tukunya saboda masu zaman makoki, kuma babu wanda ya je kasuwa. Nama ana so." Ta gyara mayafinta. "Amma ni ba zan bi gida ashirin da ƙafafun nan ba, kuma babu mai buga maka faranti. Kana da baki."

"Mazan ba sa nan."

"Ina tsaye ina kallonka. Wanda ya tambaya, ni na sa ka."

Datti ya dubi layin. Ƙofofi a jere, wasu na langa-langa wasu na katako, har can inda hanya ta lanƙwasa. Ya san gidan da ake son hanta da gidan da ba a cin tumbi, amma ta kwanukansu ya san su. Bai san wace ƙofa ce ta wane kwano ba.

Ya kwance igiyar. Ya naɗe buhun ya yi gammo, ya durƙusa, ya ɗora akwatin a ka. Rabonsa da ɗaukar kaya a ka tun yana saurayi a Katsina. Ya taka zuwa ƙofar farko, ya tsaya ɗan nesa da ita, ya juya fuskarsa gefe.

"Salamu alaikum. Mai nama ne."

Babu motsi. Can ciki ana jin taɓarya tana sauka.

"Wa kake wa raɗa?" in ji Baba Dije daga bayansa. "Ɗaga murya."

Datti ya yi tari, ya gyara akwatin a kansa, ya ja numfashi ya sake yin sallama. Taɓaryar ta tsaya.